Fina-finan Koriya da sauran na Asiya: tambayoyi da amsoshi kan na soyayya da na bincike

Na fara kallon waɗannan wasanni tun zamanin da ake sayo Jumong a faifan CD, hoto dishi-dishi, fassarar Turancin da ke ƙasa kuma rabinta sai an yi kirdado. Yau a waya ake tura wa mutum, ko ya sauke da kansa in yana da data. Tambayoyin da ke ƙasa su ne 'yan uwa da abokai suka fi yi mini, wasu don suna son farawa, wasu kuma don 'ya'yansu sun fara sun kasa dainawa. Koriya ta Kudu zan fi tsayawa a kai, sauran ƙasashen in taɓo su inda ya kamata.

In an ce fina-finan Asiya masu dogon zango, ba duk ɗaya ba ne?

Ko kusa. Abin da ya fara raba su shi ne tsawo, kuma tsawon nan shi ke yanke kusan komai. Na Koriya da aka saba yana zuwa kashi 16, kowane kashi awa ɗaya ko ɗan fiye, ana nuna biyu a mako, cikin wata biyu an rufe labari. Na Japan ya fi gajarta, kashi 10 zuwa 12, ɗaya a mako. Na Sin a da yakan kai 60 ko 70, sai a 2020 hukumar da ke kula da talabijin ta ƙasar ta nemi a daina wuce 40. Na Pakistan yawanci kashi ashirin da wani abu ne zuwa talatin da wani abu. Na Indiya da Filifin kuwa kullum ake nunawa, kuma babu ranar gamawa sai ranar da masu kallo suka gaji.

Don haka wanda ya ce ba ya son "fim ɗin Asiya" saboda wani na Zee World ya ishe shi, bai ga na Koriya ba tukuna.

Me ya sa soyayyar Koriya ke kama zuciya haka, alhali labarin kusan ɗaya ne?

Saboda sun iya jan rai. Mutum biyu za su haɗu a kashi na farko, mai kallo ya san tun daga nan cewa su ne za su so juna, amma sai a kai kashi na bakwai ko na takwas kafin ɗaya ya iya buɗe baki ya faɗa. A tsakanin nan ba a zaune ake ba. Ya lura ba ta ci abinci ba ya ajiye mata ya tafi. Ta ga takalminsa ya yage ta yi shiru, washegari ta kawo sabo ta ce wai tsintarsa ta yi. Ruwa ya sauko, lema ɗaya ce, ya karkata ta wajenta kafaɗarsa na jiƙewa. Kyamara za ta tsaya a kan kafaɗar nan, ba wanda zai ce uffan. Mai kallo shi ake bari ya fassara, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama masa a rai.

Ina ganin wannan ne ya sa Bahaushe bai sha wuyar karɓarsu ba. Mun san kunya, mun san kara, mun san son da ba a furta shi gaban manya. Su ma harshensu yana da matakan girmamawa: akwai yadda ake magana da wanda ya girme ka ko ya fi ka muƙami, akwai yadda ake yi da tsara. Ranar da jaruma ta daina kiran jarumi da muƙaminsa na ofis ta kira sunansa, ko ta ce masa "oppa", wato yaya a bakin mace, to wani babban abu ya faru ko da ba a taɓa ko hannu ba.

Sannan soyayyar ba ta tsayawa tsakanin mutum biyu. Akwai uwa da ke da ta cewa, akwai kaka, akwai maƙwabta masu sa ido, akwai teburin abinci da ake taruwa a kai. Mafi yawan marubutan nan mata ne, kuma a Koriya sunan marubuciya yana sayar da fim kamar sunan jarumi. Kim Eun-sook da Park Ji-eun in suka ce sun rubuta sabo, tun kafin a zaɓi 'yan wasa ake jiran sa. Wannan ya tuna mini da littattafan soyayya na Kano, inda su ma mata ne suka riƙe alƙalamin, kuma suka san abin da ke ci wa mace tuwo a ƙwarya a gidan miji da gidan uba.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin wannan salo shi ne Crash Landing on You na 2019 zuwa 2020. 'Yar attajiri daga Kudu guguwa ta kwashe ta da lemar shawagi ta jefa ta Koriya ta Arewa, hannun wani hafsan soja. In aka ba ka labarin a baki sai ka ce shirme ne. Abin da ya riƙe shi shi ne katangar da ke tsakaninsu ta gaske ce: tun yaƙin 1950 zuwa 1953 ƙasashen biyu ba su sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba, akwai iyalai da suka rabu har suka mutu ba su sake ganin juna ba. Cikin masu taya rubutun har da wani da ya tsero daga Arewa, shi ya sa rayuwar matan ƙauyen, da ɗaukewar wuta, da cinikin kayan Kudu a ɓoye a kasuwa suka fito da rai.

To ina matsalar wannan soyayyar?

A nan ne nake da magana mai nauyi. Da yawa daga cikinsu, musamman na shekarun baya, suna ɗaukar cin zarafi su sa masa rigar so. Jarumi attajiri ne mai girman kai, yana wulaƙanta yarinya talaka, yana daka mata tsawa, yana fizgar tsintsiyar hannunta ya ja ta tana tirjewa, kiɗa mai taushi kuma na tashi a baya don a gaya maka wai so ne. Ta ce ba ta so, ya ci gaba da bin ta har gida, har wurin aiki, har sai ta gaji ta amince. A ƙarshe a nuna cewa dama can yana da rauni a zuciya tun yarinta, haƙurinta ne ya warkar da shi.

Boys Over Flowers na 2009 shi ne uban wannan salo a idon duniya. Asalinsa labarin zane ne na Japan, an yi shi a Taiwan a 2001 kafin Koriya ta yi nata. A farkonsa jarumin shi ke sa 'yan makaranta su azabtar da yarinyar, kuma shi ne dai aka ba ta a ƙarshe. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta kalli irin wannan guda goma, me za ta ɗauka game da namijin da ke tsare ta yana hana ta sakewa? Na ji da kunnena wata ƙanwata tana cewa kishin da ke sa namiji ya duba wayar mace alamar so ne. Ba zan ce fim kaɗai ya koya mata ba, amma ya taya.

A Tailan abin ya fi muni a wasu tsofaffin wasanninsu, inda har fyaɗe ake yi wa jaruma sannan a ƙare da aure, kuma 'yan ƙasar da kansu sun daɗe suna ƙorafi a kai. A Koriya dai an samu sauyi cikin shekaru goman nan, fizgar hannu ta ragu, jarumi mai ladabi ya yi yawa.

Matsala ta biyu ita ce kuɗi. Talaka ba ya fita daga talauci da guminsa sai ya haɗu da magajin wani katafaren kamfani na iyali, irin waɗanda suke kira chaebol. Ta uku kuma ita ce maimaici: mantuwa bayan haɗarin mota, ciwon ajali da ake ɓoyewa, uwar saurayi da ke miƙa ambulan ɗin kuɗi don a rabu da ɗanta, da gano cewa ashe masoyan sun taɓa haɗuwa suna yara. Winter Sonata na 2002, wanda ya haukata matan Japan har suka riƙa zuwa tsibirin Nami, inda aka ɗauki wani ɓangarensa, yawon buɗe ido, yana ɗauke da da yawa daga cikin waɗannan. A lokacin ba su tsufa ba. Yanzu sun tsufa.

Me ya sa fim zai fara da kyau, ya zo wajen kashi na 11 ko 12 ya lalace?

Ruwa ba ya tsami banza. Shekaru da dama tsarin da ake bi a Koriya shi ne a ɗauki kashi huɗu ko makamancin haka kafin a fara nunawa, sauran kuma a riƙa ɗauka ana nunawa. Kowane mako sai an kawo fiye da awa biyu na fim. Tun ana gaba da ranar nunawa da wata guda, har a dawo ana gaba da kwana biyu. Marubuciya na turo rubutu shafi-shafi zuwa wurin ɗauka, ɗan wasa ya haddace a tsaye, a tace a miƙa wa tasha sa'o'i kaɗan kafin lokaci. A 2011 jaruma Han Ye-seul ta bar wurin ɗaukar wani fim da ake tsaka da nunawa ta hau jirgi zuwa Amurka tana kukan wahalar aikin, daga baya ta dawo ta ba da haƙuri. Ita sananniya ce, an ji kukanta. Masu riƙe fitila da masu jan waya da ke kwana a tsaye ba a cika jin nasu ba.

Amfanin tsarin a wurin tasha shi ne ana iya juya labari bisa abin da masu kallo ke so. In suna son wani ɗan wasa a ƙara masa fitowa, in fim na kasuwa a ƙara masa kashi. Illarsa kuma ita ce abin da kuke gani: tuna baya da ake ta maimaitawa don cike lokaci, da rabuwar da ba ta da dalili, inda jarumi zai bar masoyiyarsa wai don ya kare ta, ba tare da ya gaya mata komai ba, sai a tsallake shekara biyu a haɗa su a minti goman ƙarshe.

An fara sauyawa ne da dalilin kasuwa. Sin tana buƙatar a duba fim gaba ɗaya kafin a nuna, shi ya sa aka kammala Descendants of the Sun kafin fitarsa a 2016. Zuwan Netflix ya ƙara yawan waɗanda ake gamawa tukuna. Amma raunin ƙarshe bai tafi ba. Har yau mutanen Koriya na tuna Lovers in Paris na 2004, wanda a kashin ƙarshe aka nuna kamar duk abin da suka kalla rubutun jarumar ne, da Reborn Rich na 2022 da ƙarshensa ya fusata masu kallo da yawa.

Wannan tallan da ake cusawa cikin labari fa?

Tun 2010 doka ta halatta shi a tashoshin Koriya, kuma da shi ake biyan wani ɓangare na kuɗin aiki. Shi ya sa za ka ga attajirin da ke da jirgin kansa yana cin burodin Subway, ko lauya ana cikin tashin hankali ya tsaya ya ɓare alewar Kopiko ya ce ta wartsake shi. A na soyayya ana iya haƙuri. A na bincike kuwa yana kashe tsoron da aka daɗe ana ginawa.

Na bincike da tayar da hankali, mene ne ƙarfinsu?

A ra'ayina a nan Koriya ta fi gwaninta, duk da na soyayya ne suka fi suna a wajenmu. Ƙarfinsu shi ne ba su tsaya kan "wa ya yi kisan" ba. Tambayar da suke yi ita ce wa ya rufa wa mai kisan asiri, kuma me ya sa talaka ne ke shan ɗauri.

Dubi Signal na 2016, rubutun Kim Eun-hee. Wani jami'in 'yan sanda na wannan zamani ya tsinci tsohuwar rediyon oba-oba da ke haɗa shi da wani ɗan sanda na shekarun baya, suna taimakon juna kan laifuffukan da aka kasa warwarewa. Oba-obar ƙirƙira ce, amma laifuffukan daga gaskiya aka ɗebo su. Ɗaya daga ciki shi ne kashe-kashen yankin Hwaseong na Koriya ta Kudu, inda aka kashe mata 10 tsakanin 1986 da 1991. Lokacin da aka nuna fim ɗin ba a san wanda ya yi ba. Sai a 2019 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna Lee Choon-jae, wanda dama yana kurkuku kan kashe ƙanwar matarsa. Ba a iya gurfanar da shi kan waɗancan ba don wa'adin shari'a ya wuce. Wani bawan Allah kuma ya riga ya yi shekara 20 a ɗaure kan ɗaya daga cikin kisan, sai a 2020 kotu ta wanke shi. Wanda ya san wannan in ya kalli ɗan sandan fim ɗin yana kuka kan gawar da ya kasa ceta, ba zai ɗauke shi wasa ba.

Stranger na 2017 shi ma haka. Mai gabatar da ƙara ne da aikin tiyatar ƙwaƙwalwa ya rage masa jin motsin rai, da 'yar sanda mai saukin kai, suna bin zaren wani kisa har ya kai su cikin ofishinsa da gidajen masu kuɗi. Ya fito ne watanni kaɗan bayan tsige shugaba Park Geun-hye da kama magajin Samsung kan zargin cin hanci, lokacin da kowa a ƙasar ke maganar yadda kuɗi da mulki ke cin tuwo a kwano ɗaya. Kuma namiji da mace sun yi aiki tare kashi 16 ba a haɗa su soyayya ba. Wannan kaɗai ya isa a yaba.

Akwai wani abu kuma da ke ba su ɗanɗano na daban. Dokar mallakar bindiga a Koriya tana da tsauri ƙwarai, don haka ba a warware rikici da harbe-harbe kamar na Amurka. Gudu ne a lunguna, da kokawa, da bin hotunan kyamarorin kan titi da na cikin motoci. Mugu yana kusa da kai, kana jin numfashinsa.

Su kuma ina rauninsu?

'Yan sanda sukan zama wawaye duk lokacin da marubuci ke son labari ya ƙara tsawo. Jami'i zai shiga gidan mai kisa shi kaɗai da dare bai gaya wa kowa ba. Shaida zai kira ya ce yana da magana amma sai sun haɗu, kafin a haɗu babbar mota ta fito daga wani lungu ta take shi. Motar nan ta kashe mutane a fina-finan Koriya har masu kallo sun sa mata suna.

Sai yawan juyi. Juyi ɗaya da aka shuka alamunsa tun farko daɗi gare shi. In ya zama kowane kashi sai an ce ashe wane ne, ashe ba shi ba ne, ashe wanda ya mutu bai mutu ba, hankali ya daina yarda. Suna da kalmar da suke kiran wasan da ya wuce gona da iri, makjang, kuma The Penthouse na 2020 zuwa 2021 shi ne misalin da kowa ke bayarwa: zango uku, mutane na mutuwa suna dawowa.

Abin da ya fi damuna shi ne gawar mace ta zama kayan ado. Sau da yawa matan da ake kashewa ba su da labari, ba su da suna da za ka riƙe, kyamara kuma tana daɗewa a kan azabarsu fiye da yadda labarin ke buƙata. Haka nan an mayar da mai taɓin hankali ko marayan da ya tashi a wahala kamar dama can mai kisa ne tun haihuwa.

Me ya sa ake jefa mai kisa a tsakiyar labarin soyayya?

Don soyayyar mutum biyu masu hankali ba ta cika kashi 16. In suka daidaita a na takwas, me za a yi da sauran takwas? Sai a kawo mai kisa ya sace jaruma. Mafi yawan lokuta ɗinkin yana fitowa fili, ka ji kamar fim biyu aka manne.

Amma in an yi shi da gaskiya yana fin kowanne shi kaɗai. A Flower of Evil na 2020 matar 'yar sanda ce mai bincike, mijin da take so kuma ya ɓoye mata ainihin sunansa da asalinsa shekara da shekaru. Kowane mataki na binciken yana taɓa auren, kowane abu na auren yana taɓa binciken, ba za ka iya cire ɗaya ka bar ɗaya ba. A When the Camellia Blooms na 2019 kuma barazanar mai kisan ce ta sa matan unguwa da suka daɗe suna gulmar wata uwa marar miji suka koma masu gadinta. Ma'aunina ke nan: in za a iya cire mai kisan labarin bai girgiza ba, to cikon benci ne.

Tsakanin na Indiya da na Koriya wanne ya fi?

Mu da Indiya tsohuwar zuma ce, tun zamanin silima a Kano da Kaduna da Jos, har zuwa fassarar Hausa ta yau. Amma fim ɗin silima daban, wasan talabijin na kullum daban. Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi ya yi daga 2000 zuwa 2008, kashi 1,833. A 2001 aka kashe mijin jarumar a labarin, masu kallo suka tayar da ƙura, aka dawo da shi da rai. Yeh Rishta Kya Kehlata Hai ya fara a 2009, ya haura kashi 4,000. Labarin da ba shi da ranar ƙarewa ba zai iya barin kowa ya zauna lafiya ba: dole a sake aure, a sake saki, a sauya fuska da tiyata, a tsallake shekara ashirin. Ƙarfinsu shi ne sabo, mutanen gidan su zama kamar danginka. A wajen gina labari kuwa na Koriya ya yi musu nisa.

Kada wannan ya sa a raina Indiya. Gajerun da suke yi wa intanet wani abu ne daban. Delhi Crime, wanda aka gina kan binciken fyaɗen da ya girgiza Delhi a 2012, ya ci kyautar Emmy ta ƙasa da ƙasa a 2020.

Wanda ke son soyayya mai kusa da rayuwarmu ya nemi na Pakistan. Humsafar kashi 23 ne, Zindagi Gulzar Hai 26, dukansu daga alƙalamin mata marubutan Urdu. Akwai salla, akwai ɗaurin aure, akwai auren zumunci da rikicinsa. Rauninsu shi ne son nuna mace tana shan baƙar wuya shiru har sai miji ya gane kuskurensa da kansa.

Na Sin da na Japan fa?

Sin ta fi kowa a na sarauta da makircin fada, kuma tana kashe kuɗi a sutura da gini. Nirvana in Fire na 2015, kashi 54, darasi ne kan yadda ake ɗaukar fansa da ƙwaƙwalwa. Na soyayyarsu na zamani sukan yi tsawo da sanyi. Tacewar hukuma kuma tana taɓa na bincike, don ba kasafai ake barin mai laifi ya tsira ba, wani lokaci sai ka ga rubutu a allo a ƙarshe yana sanar da hukuncin da aka yanke. Duk da haka The Bad Kids na 2020, kashi 12 kacal, kan yara uku da suka ɗauki hoton kisa ba da niyya ba, yana cikin mafi kyau da na gani. Na Japan ba su da ɓata lokaci, sai dai wasan wasu 'yan wasansu yakan yi kama da na dandamali, sai an saba.

Rayuwa a Koriya haka take kamar yadda ake nunawa?

A'a. Ƙasar da ta fi kowa sayar da labarin soyayya ita ce a 2023 yawan haihuwarta ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya. Matasa da yawa na jinkirta aure ko su fasa saboda tsadar gida a Seoul, da tsawon lokacin aiki, da kuɗin karatun yara. Tana kuma kan gaba a yawan kisan kai cikin ƙasashe masu arziki. Ɗakin saman bene mai kyan kallo da jaruma talaka ke zaune a ciki, a zahiri zafi ne da rani, sanyi da hunturu. Na bincike da irin su Squid Game, inda mutum 456 da bashi ya yi wa katutu ke wasa da ransu, da The Glory kan azabtar da ɗalibai a makaranta, sun fi kusa da abin da ke damun mutanen ƙasar.

Yaya suke nuna Musulmi da baƙar fata?

Ba su cika nuna mu ba, in sun nuna kuma sukan yi kuskure. A 2017 tashar MBC ta ba da haƙuri har da Larabci kan Man Who Dies to Live saboda yadda ya nuna Musulmi da shan giya da mata masu ɗankwali cikin kayan wanka. A 2023 masu King the Land suka ba da haƙuri kan wani yariman Larabawa da aka nuna mashayi mai neman mata. Afirka kuwa yawanci wuri ne da jarumi ke zuwa aikin agaji, ba a ma faɗin sunan ƙasar. Ga kuma ɗaukaka farar fata da siririn jiki da ke cikin kusan kowane fim. A inda man bilicin ya riga ya zama annoba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Zan iya kallo da iyalina?

Ya danganta da inda aka yi fim ɗin. Na tashoshin gida irin KBS da MBC da SBS suna ƙarƙashin dokar watsa shirye-shirye, ana sa musu alamar shekaru, 12 ko 15 ko 19, har wuƙa da sigari akan dusashe. Waɗanda aka yi wa Netflix kai tsaye ba su da wannan takunkumin, akwai tsiraici da jini sosai a wasu. Kada sunan "fim ɗin Koriya" ya sa uwa ta saki jiki.

Ko a masu tsabtar akwai abin da ya saba wa tarbiyyarmu. Giyar soju mai koren kwalba tana kusan kowane kashi, kuma buguwa ce hanyar da ake furta so. Akwai sumba, akwai zaman saurayi da budurwa ɗaki ɗaya, akwai bokaye da aƙidar sake dawowa duniya bayan mutuwa. Ni dai nakan kalli kashi biyu na farko da ɗaya na tsakiya kafin in bar ƙannena su ɗauka, in kuma muna kallo tare nakan tsayar in tambaye su ko abin da jarumin ya yi daidai ne.

Fassara tana rage wani abu?

Tana ragewa sosai. Yawancinmu ta Turanci muke bi, Turanci kuma ba shi da matakan girmamawar nan, sai "yaya" da "malam" da "ranka ya daɗe" duk su koma suna tsirara. Hausa ta fi dacewa da ɗaukar wannan nauyin in an samu mai fassarar da ya tsaya ya fahimci labarin. Matsalar wasu masu fassarar baki ita ce cusa barkwanci inda ake kuka, da yanke kashi 16 ya koma awa huɗu. Shirun da aka yanke, a cikinsa rabin labarin yake.

Ta yaya zan gane wanda ya cancanci lokacina da datata?

Kashi 16 kusan awa 17 ne ko fiye, kuma an gina ƙarshen kowane kashi don ka kasa kashe waya. Na san waɗanda suka makara sallar asuba da aiki saboda "bari in ƙara ɗaya". Don haka ni ba na fara wanda ba a gama nunawa ba. Ina duba sunan marubuci kafin na jarumi, ina kuma tambayar wanda ya gama kallo abu ɗaya: ƙarshen ya biya kuɗin sabulu? Sannan ina ba fim kashi huɗu, don a nan ne aka fi zuba ƙoƙari. In na kai na huɗu ban damu da abin da zai sami kowa a cikinsa ba, na ajiye. In kuma na kai na goma sha biyu na ga an fara rabuwar da ba ta da dalili, nakan tsallake zuwa na goma sha biyar.